Ramukan da Kawu Ya Rufe da Ƙafarsa

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, a gidansa na Ƙofar Taramniya. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Na ɗauka mu kaɗai za mu zauna makoki, dangi da 'yan maƙwabta, domin an daɗe ba a ambatonsa a filin sukuwa sai da taɓe baki. Amma da muka dawo sai muka tarar zaure ya cika, har an shimfiɗa tabarmi a waje. Ga tsofaffin dillalan dawaki, ga mahauta, ga manoma daga fadama da laka a ƙafafunsu.

Wani tsoho Bagobiri da ban taɓa gani ba ya durƙusa a gabanmu, ya janye wuyan rigarsa, ya nuna wani dogon tabo a kafaɗa.

"Wanga tabo a hilinku nis same shi," in ji shi. "Muna samari munka yi tsere da mamacin. Shina gaba ina biye, dokina yak kashe ni ƙasa, ƙahwata ta maƙale cikin likkahwa, shina ja na. Bawan Allah wanga ya ji ihu, ga ƙarshen hili gabanai, yab bar shi yak komo yat tare dokina. Ran nan ba wanda yac ci tsere, amma ni na koma Gobir da raina."

Daga cikin gida ana jiyo kukan wata tsohuwa mai sayar da fura. Cewa take yi shekara da shekaru Kawu yana korarta daga bakin fili da faɗa, wai dawaki za su take ta, sannan shi da kansa ya ɗauki ƙwaryarta ya kai mata inuwa.

Can sai wani dattijo cikin dillalai ya gyara murya ya ce, "Mutumin kirki na. Kuskure guda yay yi duniya, kuma cikin gidanai yah hwaɗa. Allah shi gahwarta mai."

Aka ce amin, idanu suka koma lungun zaure inda ɗan Kawu yake zaune, taubashina, da shanyayyun ƙafafunsa a lulluɓe cikin zane. Yana miƙa hannu yana karɓar gaisuwa, idonsa a bushe. Ni ma na ce amin, amma bakina ne kawai ya faɗa. Duk zauren ni kaɗai na san kuskuren nan ba na Kawu ba ne.

Kawu ba ɗan sarauta ba ne, bai kuma taɓa mallakar dokin kirki ba. Hawa ce sana'arsa. In fatake suka sauko da dawaki daga Azbin, dillalai sukan nemi wanda zai hau ya nuna gudunsu a bayan ganuwa, don mai saye ya gani da idonsa. A wannan aiki babu wanda ya kama ƙafarsa a zamaninsa. Siriri ne, mara nauyi, kuma bai taɓa ɗaura kaimi ba. Yakan kwanta a wuyan doki yana yi masa magana a kunne, dokin da kowa ya raina sai a ga ya miƙe kamar an sake shi. Mahaifiyata takan ce tun suna yara in ya ɓace, a barga ake samunsa.

Yakan ba mu labarin yadda tsere yake a da. Dawaki biyu ne kawai ake saki, fili a miƙe, masu kallo 'yan kasuwa ne da suka zo ganin haja. Babu ganga, babu kirari. Wanda ya ci ya sauka ya riƙe wa wanda aka ci linzami, su tafi su sha fura a ƙwarya ɗaya. Sannu a hankali abin ya canza. Attajirai suka fara gasa da juna, kowa yana son a ce nasa ne ya zo gaba. Makaɗa suka shigo, ko da yake malamai ba su so ba. Dawaki biyu suka koma shida, suka koma goma. Gonaki suka cinye filin, har ya zama dole a lanƙwasa hanya ta gefen wani kududdufi kafin a miƙe zuwa gindin kuka, inda ake ƙarewa. Samari suka koma ɗaura kaimi mai tsini, doki ya gama gudu jini na zuba a cikinsa.

A cikin irin wannan cunkoso ne wani doki ya banke Kawu, ƙafarsa ta hagu ta karye wuri biyu. Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙafar ta warke a karkace. Daga nan bai sake yin tsere ba.

Da wani ne, da ya koma gida ya zauna. Shi kuwa sai ya ɗauki fartanya. Duk ranar da za a yi sukuwa, da hantsi za a gan shi yana ɗingishi daga farkon fili har ƙarshe, kansa a sunkuye, yana cike ramukan gafiya, yana tsince duwatsu. Ya sassaƙa turaku biyar yana kafa su a lanƙwasar kududdufi, don mahaya su san inda ƙasa take da ƙarfi. Kafin a saki dawaki sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cusa yatsa ƙarƙashin majayi, ya ji ko sirdi ya ɗauru. Ko dokin wane ne, in ya ga yana dafa ƙafa, sai ya kama linzami ya fitar da shi daga layi. Ba wanda ya naɗa shi, amma dattawan fili suka bar masa, domin tun da ya fara aka daina ɗaukar mutane a kan makara.

Maganarsa ɗaya ce kullum, har mun haddace: "Ku nawa na? Takwas? To takwas nika so in ƙirga gindin kuka."

Mu samari muna kiransa Sarkin Ramu, muna kwaikwayon tafiyarsa in ya ba da baya. Ni ne na fi kowa iya kwaikwayon. Alhali a hannunsa na koyi hawa, ni da ɗansa, bayan rasuwar mahaifina. Bai taɓa bambanta mu ba. In ya raba ƙosai biyar, biyu da rabi kowa yake samu. Ni da ɗansa kuwa wasan taubasantaka ya haɗa mu, yana ce mini ɗan mace, ina ce masa ɗan namiji, muna zagin juna muna cin tuwo a akushi ɗaya. Muka girma, muka yi aure, muka zama mu biyu ne ake zuwa kallo.

Sai dai a shekarar da zan ba da labari, makaɗa sun fara sa sunansa gaba da nawa. Tsere uku a jere ya cinye ni. Ina dariya a gabansa, in na koma gida tuwo ba ya wuce mini maƙogwaro.

A farkon damina aka shirya babban tsere saboda wasu baƙin fatake. Kwana biyu kafin ranar aka tafka ruwa. Kawu ya zaga fili ya dawo ya ce a ɗaga tseren, gefen kududdufi ya jiƙe, sama ce kawai ta bushe. A gaban jama'a na tsaya na mayar masa da magana.

"Kawu, in an bi ta taka, sai dai mu koma tseren jakkai."

"Jaki ba shi kashe mutum," in ji shi.

"Kai ka yi zamaninka, ba wanda yah hana ka. Don ƙahwarka ta karye shi na kowa za shi zauna gida?"

Kawu ya dube ni, ya dubi ƙafarsa. Ɗansa ya daka mini tsawa, na yi banza da shi. Attajirai suka matsa, baƙi ba za su jira ba. Daga ƙarshe Kawu ya yarda, bisa sharaɗin zai fitar da turakun can waje, nesa da laka, ko da hanya za ta ƙara tsawo.

Wannan sharaɗi ni ya kashe. Dokin da zan hau gajere ne, mai saurin juyawa, amma ba ya jure doguwar hanya. Na taubashina dogo ne, in aka ba shi fili ba a kamo shi. Na san in lanƙwasa ta yi faɗi na sha kashi na huɗu.

Da hantsin ranar Kawu ya kafa turakunsa ya koma gida. Da aka kira azahar, fili ba kowa, mutane suna masallaci, na je na tumɓuke su duka biyar, na matso da su ciki taku bakwai, dab da bakin kududdufi. Na taka wurin da ƙafata na ji ƙasa tana motsi kaɗan, na san inda zan kauce. Na gaya wa kaina cewa duk wanda ya ga lanƙwasa ta matse zai ja linzami, ni kuma in wuce. Ba wanda zai ji ciwo. Abin da na manta shi ne abin da taubashina yakan faɗa da alfahari, cewa in Baba ya kafa turke, rufe ido ka bi.

Bayan la'asar aka sake mu, mu tara. Muka iso lanƙwasa yana gabana da tsawon doki ɗaya. Bai ja linzami ba ko kaɗan. Ya manne wa turakun da dukkan gudunsa. Na ga ƙafafun gaban dokinsa sun nutse, na ga dokin ya kife, shi kuma yana ƙarƙashi. Na kauce ta inda na shirya. Na ji ƙarar a bayana, na ji ihun mutane. Ban juya ba. Ni na fara isa gindin kuka.

Da na komo an riga an janye dokin, an ɗauki taubashina a kan ƙyaure an nufi gari da shi, jama'a duk sun bi. Kawu kaɗai ya rage a lanƙwasa. Na zaci zai bi ɗansa da gudu, amma yana tsaye yana duban ƙasa. Ya dubi turakun, ya taka zuwa waje yana ƙirga takunsa, ya tsaya a kan ramin farko, inda ya kafa da safe. Ramuka biyar a jere, sababbi, ga sawun ƙafa a gefensu. Shi ya koya mini tafiya a filin nan, ya san sawuna kamar yadda ya san na kowane doki.

Ya ɗago ya dube ni. Ina kan doki. Na jira ya yi ihu ya kira mutane. Sai ya sa karkatacciyar ƙafar nan tasa ya tura ƙasa cikin ramin farko, ya daddanna. Ya matsa na biyu. Haka ya bi su duka biyar, ya shafe sawun, sannan ya juya ya bi hanyar gari yana ɗingishi.

Taubashina ya rayu, amma bayansa ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Bayan kwana uku dattawan fili suka kira Kawu, suka tambaye shi wa ya kafa turaku a bakin laka. Ina wurin a tsaye.

"Turakuna na," in ji shi. "Aikina na. Kada ku nemi kowa."

Suka ce tsufa ya kama shi, ido ya raunana. Suka karɓe aikin suka ba wani. Waɗanda ya taɓa fitar wa da dawaki daga layi suka samu bakin magana. Duk da haka bai daina fita da fartanyarsa ba. Yakan je tun kafin sabon mai aikin ya iso, ya cike ramukansa, ya dawo ba wanda ya ce masa sannu. Sai da gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukarsa ya bari.

Ni kuwa na ci gaba da hawa shekara shida, ba wanda ya sake shan gabana. Taubashina ya koyi dukanci a zaune, yana ɗinka linzami da ragama. Ni nake kawo masa fata daga majema, ni nake kai kayansa kasuwa, in damina ta zo ni nake yi masa yaɓen ɗaki. Gari ya ɗauka, ana cewa a je a koyi zumunci a wurina. Mahaifiyata ta rasu tana sa mini albarka a kan haka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda taubashina ya koma da mahaifinsa. Bai taɓa yi masa rashin kunya ba. Yakan gaishe shi da safe, a taƙaice. Amma ya daina cin abinci tare da shi, in Kawu ya shigo zaure sai ya duƙufa a kan ɗinki har ya fita. Wata rana ya ce mini, "Ɗan mace, da wani yak kahwa turakun nan da na duba. Don shi na ban duba ba." Na ce haƙuri za a yi, ƙaddara ce. Da bakina na faɗi haka.

Sau ɗaya na yi yunƙurin magana. Na tarar da Kawu a bayan gida yana yanka wa akuya ciyawa, na durƙusa.

"Kawu, akwai maganar da ta daɗe tana..."

"Na san ta," in ji shi, bai ɗago ba.

"Ka bar ni in hwaɗa ma ɗanka."

Ya ajiye lauje. "Ka hwaɗa mai shi tashi shi yi tahiya? Ƙanwata ɗa guda gare ta. Shi ko wancan, ni in ya ƙi ni, kwana nawa yar rage min? Kai in ya ƙi ka, da wa za shi zauna duniya? Tashi ka miƙo min igiyar can."

Na tashi na miƙa masa. Na riƙe maganar nan tasa na ɓuya a bayanta, ina gaya wa kaina biyayya nake yi. Ƙarya ce. Daɗi na ji da ya hana ni. Kuma kwanakin da ya ce sun rage masa kaɗan, shekara goma sha takwas suka zama, yana kwana gida ɗaya da ɗan da ba ya duban fuskarsa.

A ciwonsa na ajali ya nemi a kawo masa ɗansa. Aka kawo shi aka ajiye a bakin ƙofa. Kawu ya miƙa hannu, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba. Taubashina ya ce, "Allah shi sawwaƙe," ya nemi a mayar da shi zaure. Ina tsaye a wurin da lafiyayyun ƙafafuna, na yi shiru.

Washegarin sadakar uku, da baƙi suka watse, na shiga zaure na sami taubashina ya jawo fatunsa zai fara aiki. Na zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba.

"Ɗan mace, lahiya? Ko kai ma mutuwa za ka yi?"

Na gaya masa. Ban rage komai ba, har azahar ɗin, har taku bakwai, har yadda na ji faɗuwarsa ban juya ba, har ramukan da mahaifinsa ya rufe. Yana riƙe da basilla, na ɗauka zai soka mini, da ya yi da na ji sauƙi.

"Ya sani?" in ji shi.

"Tun ran nan."

"Ran da yam miƙo min hannu, ya sani?"

"Ya sani."

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda ban taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba. Matar Kawu ta leƙo a firgice, ya ɗaga mata hannu ta koma.

"Ƙahwahuna na daɗe da haƙura da su," ya ce da ni a hankali. "Ubana kar raba ni da shi. Shina nan kusa da ni shekara goma sha takwas, kab bari nib bar shi yam mutu da hannu a miƙe."

Ban ce ya yafe mini ba. Ban ga fuskar da zan roƙa da ita ba.

Can ya ce, "Juyo bayanka."

Na juya na durƙusa, ya saƙalo hannuwansa a wuyana, na goya shi. Muka fita ta ƙofar gari da rana tsaka, mutane suna kallo, har maƙabarta. Na sauke shi a gefen kabarin, ƙasar ko bushewa ba ta gama yi ba. Ya ce in matsa can inda ba zan ji ba. Na koma gindin wata bagaruwa na tsaya. Daga nan ina hango shi ya kifa goshinsa a kan ƙasar, kafaɗunsa suna girgiza, har inuwa ta juya.

A hanyar dawowa magana ɗaya ya yi, cewa gobe in je zauren dillalai in faɗi abin da na faɗa masa, a gaban kowa. Na je na faɗa. Wasu suka tofar da yawu, wasu suka tashi suka bar wurin, dattijon nan da ya yi maganar kuskure ranar makoki ya rufe fuska da rawaninsa ya yi ta kuka. Wannan takarda ma don haka na rubuta ta, saboda wanda bai ji da kunnensa ba, da 'ya'yanmu da za su taso. Kawu bai taɓa kafa turke a kan laka ba. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabari, ya saka masa da abin da mu muka kasa.

Taubashina bai yafe mini ba, ban kuma san ko zai yafe ba. Ya daina karɓar fata daga hannuna, ya daina ce mini ɗan mace. Amma duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan aiko a kira ni. Akwai masu ƙarfi a unguwa da za su kai shi da murna, ni yake kira. In durƙusa, ya hau, mu kama hanyar maƙabarta. Ina jin numfashinsa a bayan wuyana, ina duban ƙasa, ina taka ta a hankali.